Babi na Shida: Rabi da 'Yan'uwanta

Tun kafin a buga ƙagaggen labari ko guda da Hausa, labari a hannun mata yake. Kaka ce ke ba da shi, ko goggo, ko yayar da aka bar wa ƙanne bayan an ci tuwon dare. Shi ya sa jarumar farko da yawancinmu muka ƙaunata yarinya ce, kuma ko suna ba ta da shi, 'yar bora kawai ake ce mata. Uwarta ce matar da miji ya juya wa baya. Ita ake bar wa ƙanzo, ita ake aika inda ake fatan ba za ta dawo ba. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, ita aka kora ta je ta yi wanki a wani ruwa da babu wanda ya san hanyarsa. A ta Daskin-da-Riɗi kuwa, yarinyar da aka raina ce kaɗai ta tsaya ta cuɗa wa tsohuwa baya, sauran 'yan mata suka wuce suna yatsina, don haka ita kaɗai ta samu sunan saurayin da kowa ke rububi. Frank Edgar ya tattara ɗaruruwan tatsuniyoyi a littafi tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fito da Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta a farkon shekarun 1970, amma duk wanda ya san 'yar bora da gaske a bakin wata mace ya fara jin ta.

Idan ka tambayi malamin makaranta abin da ya sa ake son ta, zai ce haƙuri da ladabi. Tana da su kam. Sai dai ban yarda su ne ke hana yaro barci ba. Tafiyar ce ke riƙe shi. Yarinya ƙarama ta fita ita kaɗai, ta shiga daji, ta gamu da abubuwan da babba zai gani ya ranta a na kare, ta gaishe su, ta amsa tambayarsu, da aka ce ta zaɓi ƙwai ta ɗauki ƙarami. Ko'ina ta isa akwai shawarar da za ta yanke, ba uwa kusa, ba uba. Abin da na ga ya haɗa matan da suka zauna mini a rai cikin labarai ke nan, na Hausa da na wasu harsuna: an matse su, sun zaɓa da kansu, abin da zaɓin ya jawo kuma sun ɗauke shi a kansu.

Inda nake zaune ya ƙara mini sha'awar wannan magana. Unguwar Boro tana kudu da kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun, a kan hanyar Kachia, idan an wuce Sabon Tasha an doshi matatar mai. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma yau a layi ɗaya sai ka tarar da Bajju da Atyap da Ham da Adara, ga Ibo, ga Idoma, ga Tibi. Yawanci Kiristoci ne. Kowa da harshen gidansu, amma a kasuwa da bakin famfo da cikin Keke Napep, Hausa ce ke haɗa mutane, ita da Turancin buroka. Yarinyar nan unguwar ta karanta littafin Turanci a aji, ta kalli wasan Hausa a Arewa24 a shagon kitso, da dare kuma ga fim ɗin Indiya. Matan labari ta ƙofofi da yawa suke shigo mata, tana kuwa auna su da juna, tana auna su da uwarta.

Akwai jarumar da ba ruwanta da haƙuri, wayo ne makaminta. Ƙoƙi ta san halin mijinta Gizo ciki da bai. Kalalatu ta cikin Magana Jari Ce ta cinye kajin da aka soya don baƙo, sannan ta raɗa wa baƙon cewa wuƙar da maigida ke wasawa ta yanke masa kunne ce, ta juya ta ce wa maigidan baƙo ya gudu da kaji. Laifi ta yi, babu mai musu. Amma ban taɓa ganin an karanta labarin nan an ɗauki ɓangaren Kalala ba, domin kowa ya san gidan da mace ke soya nama ta kai zaure, ita ta tashi da ƙamshi. Haka Murjanatu, baiwar gidan Ali Baba, wadda ta gano ɓarayin da suka ɓuya cikin tulunan mai alhali ubangidanta na ta hira da shugabansu. Ita kanta mai ba da labaran Dare Dubu da Ɗaya, da bakinta kaɗai ta tsare wuyanta da na 'yan matan birni.

Da aka zo rubutun boko sai maza suka karɓe fage. Gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Maza suka rubuta, maza ke yawo a ciki, suna yaƙi, suna damfara, suna neman ilimi. Zainabu ta Jiki Magayi a kanta duk masifar littafin ta tashi, Abubakar na son ta, attajiri Malam Shehu ya aure ta, amma labarin na mazan biyu ne da ɗan da aka haifa. Ita abin jayayya ce kawai.

A cikin biyar ɗin, macen da na ga ta tsaya da ƙafafunta ita ce mahaifiyar Shaihu Umar. An sace ɗanta yana ƙarami. Ta bar gida ta bi sawunsa, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka ƙetara da ita hamada. Sai da ya girma ya zama malami suka sake haɗuwa a can ƙasar Larabawa, ta gan shi da idonta, ba ta daɗe ba ta rasu. Abubakar Tafawa Ɓalewa sunan ɗan ya sa wa littafin, amma a lura da kyau: Umar ɗaukarsa ake yi daga wannan hannu zuwa wancan, ƙaddara na tafe da shi. Uwar ce ta tashi da niyyarta, ba wanda ya aike ta, ba wanda ya yi mata alkawarin za ta dawo. Duk lokacin da na sake karanta littafin, ita nake jira ta fito.

An shekara 47 bayan gasar nan kafin mace ta fito da jarumarta da alƙalaminta. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, bayan ya zo na biyu a gasar da kamfanin ya shirya. Boɗaɗo, Bafillatana, ta ce Yasir take so, shi kuwa ba jininsu ba ne, ta tsaya a kan maganarta a gaban dangi. Yau abin ba zai ba mai karatu mamaki ba, domin ɗaruruwan littattafai sun bi wannan turbar. A lokacin kuwa, budurwa ta buɗe baki a cikin littafi ta faɗi wanda take so, ba ƙaramin abu ba ne, balle 'yar Fulani da aka raina da kunya. A unguwa irin tamu, inda auren Bajju da Ibo ko Gbagyi da Idoma kan fara da dogon zaman lallashin iyaye, Boɗaɗo ba baƙuwa ba ce.

Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano suka cika gari. Fitacciyar budurwar wannan zamani ita ce Sumayya ta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, 1991. 'Yar masu hali ce, ta ga Muhammad talaka ta so shi, aka nufi ba ta attajiri Abdulƙadir, da abin ya ishe ta ta faɗa rijiya. An yi ta surutu a kan rijiyar nan, ana cewa littafin zai koya wa 'yan mata kashe kansu. Ni ma ba na son wannan shafin, kuma ba shi ne ya sa aka so Sumayya ba. An so ta ne don ita ta fara magana, kuma da kuɗi suka zo ba ta sauya ba.

Amma idan aka ce in ɗauki guda ɗaya tak, Rabi zan ɗauka.

Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙarama, daga baya ta koma ta nemi ilimi da kanta. A 1990 ta fito da littattafai biyu da har yau ake maganarsu. A Wa Zai Auri Jahila? akwai Abu, wadda aka cire daga makaranta, saurayin da take sa rai ya ƙi ta don ba ta yi boko ba, aka ɗaura mata aure da tsoho Sarkin Noma, ta gudu Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Abu tana da daɗin so, domin nasararta a fili take. Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne ta fi ta wuyar sha'ani. Ba budurwa ba ce, ba 'yar boko ba ce, babu wanda ke rubuto mata wasiƙar soyayya. Matar aure ce mai 'ya'ya 9. Mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannu, amma kuɗin cefanen da yake ajiye mata ba ya kai wa ko'ina, ita ke ciko da ɗan abin da ta samu. Ya auro Delu, macen bariki, rikici ya tashi, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta duka.

Abin da Rabi ta yi bayan nan shi ne littafin. Ta yi kuka, ta je wurin 'yan'uwa, sannan ta ɗora tukunya ta fara sayar da abinci. Da wannan sana'a ta ciyar da yaran, ta riƙe su a makaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu cikin mutunci. Balaraba ba ta jin kunyar lissafi. Tana kai mai karatu har madafa, ya ga abin da ke akwai da abin da babu, ya san nauyin kayan ɗaki a kan uwar da ba ta da miji. Marubuta da yawa sukan tsallake wannan wuri, su kawo wani alhaji ya share wa jarumar hawaye a shafi biyu. Ita ta tsaya a wurin, domin ta san a nan rayuwar yawancin mata take.

Mutumin kudancin Kaduna ba ya bukatar a yi masa bayanin Rabi. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL ta tsaya a 2007, wasu ma suka bi su. Dubban magidanta suka wayi gari ba aiki, da yawa suka shekara da shekaru suna jiran haƙƙoƙinsu, wasu har suka mutu ba su karɓa ba. Gidajen nan na Kakuri da Nasarawa da Sabon Tasha da Unguwar Boro ba su watse ba, kuma kowa ya san dalili. Mata ne suka fito da kaskon ƙosai bakin titi, suka kasa tumatir da doya a kasuwar Sabo, suka shiga adashi, suka biya kuɗin makaranta kaɗan-kaɗan. Mijin Rabi mugun hali ne ya raba shi da nauyin gidansa, waɗannan kuwa rashin aiki ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Amma tukunyar da matar ta ɗora iri ɗaya ce. Maman wane da ke tashi tun kafin asuba ta hura wuta, ko ba ta taɓa jin sunan Balaraba ba, idan aka karanta mata littafin za ta riƙa gyara wa mai karatu farashin kaya.

Ƙarshen littafin shi ke raba kan masu karatu. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta watsar da shi, sai aka taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta koma. Ta koma, ba da son ranta ba. Wasu na ganin marubuciyar ta ci amanar jarumarta. Ni ina ganin gaskiya ta faɗa, mai ɗaci. Ta nuna mana su wa suka zauna suka yanke hukuncin, maza ne, har da waɗanda ba su ɗauki ko kwano ɗaya na wahalar da ta sha ba. Ta kuma nuna cewa Rabin da ta koma ba ita ce aka kora ba, domin yanzu a hannunta abincin gidan yake. Da an rufe littafin da biki da guɗa, da tuni an manta da shi. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a birnin Chennai na Indiya, Blaft, ya buga a 2012, ta haka Rabi ta isa hannun mutanen da ba su san ko ina Kano take ba.

Abin sha'awa, 'yan makarantar da suka taso da littattafan Turanci suna da tasu Rabin. Li ta littafin Zaynab Alkali, The Stillborn, 1984, yarinyar ƙauye ce mai rawar kai, wadda gidan ubanta ya yi mata ƙunci. Ta auri Habu da mafarkin birni, ya tafi ya bar ta shekaru tana jira. Ta gaji, ta shiga makarantar horon malamai, ta zama ita ke ɗauke da gidansu. A ƙarshe ita ma ta nufi komawa wurin mijin bayan haɗari ya nakasa shi, sai dai ita ba wanda ya taru a kanta, ita ta ga dama. Ramatoulaye ta Mariama Bâ, daga Dakar, tana cikin takaba take rubuta doguwar wasiƙarta. Mijinta ya auri ƙawar 'yarsu bayan ta haifa masa 'ya'ya 12, ta zauna, aminiyarta Aissatou da irin haka ta same ta kuwa ta kwashe 'ya'yanta ta tafi. Littafin bai ce wannan ta fi waccan ba. Da wan mijin ya zo neman ta bayan rasuwar, Ramatoulaye ta ba shi amsar da duk macen da ta karanta ba ta mantawa. Mata uku, harsuna uku, kuma tambaya ɗaya ake yi musu a ƙarshe, ta zama ko tafiya. Mai karatu na iya ƙin amsar da suka bayar, amma ya san su suka bayar.

Su kuwa kyawawan nan da suka cika littattafan soyayya, fara, doguwa, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, wadda ake ɓata shafi uku ana kwatanta leshinta da turarenta, ina suke? An karanta su da daɗi, an mayar wa mai haya, washegari an karɓo wata irinta. Ba na raina littattafan, sun koya wa mata da yawa karatun Hausa fiye da yadda aji ya koya musu, kuma jaruman Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, masu haɗa ibada da zurfin karatu, sun sa 'yan mata da dama sun ga cewa zama likita ba ya hana zama matar kirki. Amma kyau kaɗai bai taɓa riƙe jaruma a zuciyar mutane ba. Masu tsoron littattafan ma ba kyan ne ya dame su ba. Lokacin da gwamnatin Kano ta ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan makaranta a 2007, batsa da lalata tarbiyya aka ambata. Akwai littattafan da suka cancanci suka, ban musa ba. Sai dai a cikin abin da ake gudu har da yarinyar da ta koyi cewa a'a.

Hajiya Binta Zubairu ta Abubakar Adam Ibrahim, a Season of Crimson Blossoms na 2015, ta fi su duka tayar da ƙura. Shekararta 55, an kashe mijinta a rikicin Jos, ta ƙaura, sannan ta faɗa soyayya da wani matashi ɗan daba. Littafin ya ci kyautar NLNG a 2016. Ba kowa zai yarda da abin da ta aikata ba, littafin ma bai bar ta ta tsira ba. Amma ya yarda cewa tsohuwar da rikici ya raba da gidanta tana da zuciya, tana da abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, kuma wannan ya taɓa mu a Kaduna fiye da yadda muke so mu faɗa.

Domin mu ma rikici ya sake mana zama. Bayan tarzomar shari'a ta 2000 da ta gasar sarauniyar kyau ta 2002, Kiristoci da yawa suka bar arewacin gari suka ƙetaro kogi, Musulmi da yawa suka bar kudu suka haura. Unguwanni irin su Unguwar Boro sun cika ne da mutanen da wasunsu a Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Rimi aka haife su. Akwai matan da suka bar maƙwabciyar da suka yi shekara da shekaru suna miƙa wa juna gishiri ta katanga. Labari bai san da wannan iyaka ba. Sumayya ta shirin Labarina ana tausaya mata a hayin nan kamar yadda ake yi a wancan, kuma ba a tambayar addinin mai kallo.

Abin da ke damuna shi ne zirga-zirgar ta ɓangare ɗaya ce. Matan kudu sun san Rabi da Sumayya da 'yar bora, sun san zaure da lefe da takaba ta hanyar labari. Amma da wuya mai karatun Hausa a Kano ko Katsina ya gamu da macen Unguwar Boro a matsayin jaruma. Idan ta fito, galibi maƙwabciya ce ko 'yar aiki ko abokiyar karatu, ta yi magana biyu ta wuce. Shirin Daɗin Kowa ya yi ƙoƙari da ya sa Stephanie, Kirista, cikin mutanen garin da damuwarta da soyayyarta, masu kallo kuma suka karɓe ta. Ita kaɗai ba ta isa ba. Ina matar ma'aikacin masaƙa da ta yi shekaru tana bin sawun haƙƙin mijinta? Ina shugabar zumuntar mata da ke sasanta ma'aurata, ta tara kuɗin asibitin wata, alhali nata gidan na tangal-tangal? Ina yarinyar da aka haifa a Tudun Wada, ta girma a Sabo, Hausa ta fi harshen kakanninta zama a bakinta?

Ba rashin masu karatu ne ya hana ba. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma matan nan suna karanta Hausa kowane mako a coci, suna rera waƙa da ita, da ita suke addu'a a bakin gadon mara lafiya. Ƙofofin ma sun fi na da yawa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta mata zalla, ta fara a 2016, kuma labarin da ya fara cin ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. A 2017 aka fara bikin littattafai na KABAFEST a cikin garin nan. Abin da na lura shi ne yarinyar kudu mai sha'awar rubutu takan ɗauka Hausarta ba ta kai ta littafi ba, tunda ba irin ta Kano ba ce, sai ta koma Turanci ko ta bari gaba ɗaya. Ina ganin kuskure ne babba. Hausar Sabon Tasha tana da nata karin da nata barkwancin, da ita aka yi ciniki aka yi makoki aka reni 'ya'ya a shekarun nan masu wuya, kuma da ita ya kamata a rubuta matar da ta yi wannan aikin.